Sikiridin Ba Ya Miƙar Da Bango: Amsa Ga Angon Pantami

Wasiƙar wannan makon daga Gombe ta zo, daga wani saurayi a unguwar Pantami. Na taƙaita ta kamar haka:

"Assalamu alaikum. Saura mako bakwai ɗaurin aurena, an sa rana ƙarshen watan Janairu. Mahaifina ya ba ni ciki da falo a gidanmu, tsohon ginin bulo ne, sai na sa aka kankare tsohuwar filasta aka yi sabuwa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, magini ne, shi ya karɓi aikin a kan jinga, ya kuma yi mini ragi sosai. Buhu biyar na siminti na iya saye, da su aka yi. Yau kwana goma da gamawa. Bangon ya fito da tudu da kwari, kusurwa ɗaya ta karkace, ga ƙananan tsagu ko'ina, sannan ƙasan bangon falo da ya haɗa da banɗaki yana fitar da wani farin gari mai kama da gishiri. Mai fenti ya ce kada in damu, in ƙara masa kuɗi ya yi sikiridin mai kauri, zai ɓoye komai. Wani abokina kuma ya ce a farfashe duka a sake. Kuɗi sun ja baya, lefe bai kammala ba, kuma ina jin nauyin in ce wa Kawu aikinsa bai yi ba. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ango. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Mako bakwai sun isa a gyara ɗakunan nan, amma fa babu ko guda da za a yar a hanya.

Shawarar mai fenti ta fi daɗin ji, shi ya sa zan fara da ita. Ba na cewa maƙaryaci ne. Sana'arsa yake tallatawa, kuma duk kaurin da aka ƙara a aljihunsa yake faɗawa. Sikiridin shafe ne siriri, milimita 1 zuwa 3, aikinsa ya toshe ƙofofin yashi ya sa bango ya yi sulɓi. Hoda ce, tana rufe tabon fuska, ba ta daidaita karkataccen hanci. Ka dubi farantin da ake shafa shi da shi, da kyar ya wuce tsawon ƙafa ɗaya. Idan kwarin da ke bangonka ya kai faɗin mita guda, farantin gangarawa zai yi cikinsa ya hauro tudun, ya bi su yadda ya tarar da su. A ƙarshe ka samu tudu mai santsi da kwari mai santsi, santsin kuwa shi ke ƙara tona asiri, domin a kan bango mai sulɓi haske yake nuna kowace lanƙwasa. In kuma aka dage sai an cika kwarin da kayan sikiridin har kaurin yatsa, sama ya bushe ciki da danshi, bayan 'yan watanni ya tsattsage ya riƙa ɓallowa ɓawo-ɓawo. Ga shi cika rami da shi ya fi cika shi da siminti da yashi tsada nesa ba kusa ba.

Abokinka kuma ya yi saurin yanke hukunci. Ciki da falo bango takwas ne, kowanne da irin laifinsa, wani ma ba shi da laifin komai. Kafin ka kashe sisi, ka duba su ɗaya bayan ɗaya da kanka.

Yau da daddare bayan isha'i ka shiga ɗakin, ka kashe duk wata fitila, ka manna tocila a jikin bango ta yadda haskenta zai kwanta ya bi shi a tsaye ko a kwance. Duk tudu zai yi inuwa a bayansa, duk kwari zai yi duhu. Ka zagaye su da fensir ko alli, ka sa T a tudu, K a kwari. Kada ka yi amfani da alƙalamin maka, tawadarsa tana ratso fenti ta fito ko an yi shafe uku. Kada kuma abin da za ka gani ya tsorata ka, tocila ba ta da kara, ko bangon otal aka haska mata haka sai ta samo masa aibi. Ita nuna wuri kawai take yi. Awo sai da safe.

Da safe ka aro renji, doguwar sandar alminiyam ɗin nan da magina ke jan filasta da ita, mai tsawon mita biyu. Ka fara ɗaga ta ka hango ta da ido ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, ka tabbata ita kanta a miƙe take. Na katako sukan lanƙwashe in sun sha ruwa da rana, kuma magini da yawa ba su ankara ba da karkataccen katako suke miƙar da bango. Ka ɗora ta a tsaye, a kwance, da kuma a karkace, ka dubi ratar da ta rage tsakaninta da bango. Ba sai da ma'auni ba. In tsinken ashana ne kaɗai ke shiga, wajen milimita 2 kenan, wannan na mai fenti ne, sikiridin zai cinye shi. In biro na shiga, ka doshi milimita 8, aikin siminti ne. In yatsanka na shiga har yana motsi, ka kai milimita 15 ko fiye, nan sai an yi shafe biyu. Kusurwar da ta karkace kuma, ka samo tayil ɗin ƙasa guda ɗaya ka cusa kusurwarsa a cikinta, zai nuna maka ɓangaren da ya gudu.

Sai ƙwanƙwasa. Ka ɗauki makulli ko ƙotar sukudireba ka bi bangon taƙi-taƙi. Inda filasta ta kama bulo, ƙarar a tsuke take, ƙas-ƙas. Inda ta rabu da shi za ka ji ƙarar fanko. Duk wurin da ya yi wannan ƙarar a sauke shi, ko da ya fi ko'ina kyau a ido, don a tsaye kawai yake ba abin da ya riƙe shi. Daga nan ka ja ƙusa da ɗan ƙarfi a wurare da dama. In ta bar farin layi siriri, filastar ta yi ƙwari. In ta nutse yashi na zubowa, ko ka goga tafin hannu ka ji yana marmashewa, siminti ya yi kaɗan ko kuma ba ta sha ruwa ba. Irin wannan ba a ɗora komai a kanta. Sabon shafe mai ƙarfi in ya zo bushewa yana tsukewa, sai ya fizgo mai raunin da ke ƙarƙashinsa su faɗo tare.

Yanzu maganar buhu biyar, kuma ka yi haƙuri da ni a nan. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo 12 faɗi, in an cire ƙofa da taga, bangonsa yana kai wa murabba'in mita 38 ko kusa da haka. A kaurin milimita 15, da haɗin siminti ɗaya yashi biyar ko shida, buhu ɗaya mai kilo 50 yana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12. Ka ga ɗaki guda na cin buhu uku zuwa huɗu, ciki da falo bakwai ko takwas. Kai biyar ka kawo. Magini da aka ba biyar a aikin takwas hanya biyu gare shi: ko ya tsinka simintin da yashi, ko ya yi filasta siririya wadda za ta bi bulo duk inda ya karkata. Tsohon gini kuwa da wuya bulonsa ya kasance a miƙe, tsohuwar filastar da ka kankare ita ke rufa masa asiri. Tudu da kwarin da ka bayyana sun fi kama da hanya ta biyu, kuma in haka ne ka yi sa'a, don ƙari ake yi mata ba rushewa ba. Gwajin ƙusa zai raba gardama. Ka haɗa da cewa jinga ce, kuma mai ragi, wato duk yinin da Kawu ya ƙara a ɗakinka yini ne da ya rasa a wani aikin mai biya cikakke. Ban wanke shi tas ba, ya kamata ya ce maka biyar ba za su isa ba. Wataƙila shi ma nauyinka ya ji, ganin kana fama da lefe.

Wannan lissafin shi ne ƙofar da za ka shiga masa ta cikinta, kuma gaskiya ce ba dabara ba. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yaransa na aiki ba, ba a gaban mai fenti ba. Bayan gaisuwa ka ce, "Kawu, na gane ni na ƙuntata aikin nan da ƙarancin siminti. Na ƙaro buhu biyu, don Allah in ka samu sarari ka zo ka duba mini wasu wurare kafin mai fenti ya shiga." In ya zo, ka miƙa masa renjin ya ɗora da hannunsa, kai ka yi shiru. Magini ba ya musu da renji. Kada ka ce "mai fenti ya ce", kada ka ce "abokina ya ce", don da ya ji an kai aikinsa gaban wasu an yi masa shari'a, bangon ya daina zama abin magana, mutuncinsa ya zama. Kada kuma ka fara kai ƙara wurin mahaifiyarka. Ƙaninta ne, za ka sa ta a tsaka mai wuya a kan abin da yini uku na aiki zai warware. Kuɗin gyaran ka biya shi na yini, cikakke yadda ake biyan kowa, ko ya ce ka bari ka saka masa a aljihu. Aikin alfarma ba a iya cewa a sake shi. In ya ce ba shi da lokaci, ka roƙe shi ya zaɓo maka wanda ya yarda da hannunsa, ya zamana ta wurinsa aka bi. Abin da zai ɓata zumunci shi ne ya shigo gidan ya tarar da baƙon magini yana sassare aikinsa ba da saninsa ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba tudu da kwari ba ne, farin garin nan ne. Gishiri ne da ruwa ke narkarwa a cikin bulo da siminti ya fito da shi, ruwan ya bi iska, shi ya zauna a fuskar bango. Sabuwar filasta takan fitar da kaɗan a warwatse yayin da take bushewa, a goge ya wuce. Amma naka a ƙasan bango ɗaya yake, bangon banɗaki, a watan Disamba, alhali rabon Gombe da ruwan sama tun wajen Oktoba. Ruwan nan daga banɗakin yake zuwa. Ka shiga ka duba: ko bututu na yoyo a cikin bango, ko daɓen ya gangaro wajen bangon maimakon wajen rariya, ko akwai rata a inda daɓe ya haɗu da bango, ko kuma can ake ajiye bokitan wanka kullum wurin a jiƙe. Daga can ɓangaren za a toshe shi, da gyaran bututu, da filasta mai maganin hana ruwa, in da hali a sa tayil. Ta ɓangaren falo kuma a sauke filastar har a wuce iyakar tabon da kamar ƙafa ɗaya, a bar bulon tsirara ya sha iska 'yan kwanaki, a kankare gishirin da busasshen burushi. Kada a wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki ya jira. Sannan a sake shafewa da haɗin ɗaya da huɗu, da maganin hana ruwa a ciki. Wurin nan kada POP, farin garin nan da ake yin silin da shi, ya kusance shi, don POP ba ya jure danshi, laushi yake yi ya kumbura. Haka farin gam ɗin kafinta da masu fenti ke zubawa a haɗinsu, in ya daɗe a jiƙe sakewa yake yi. Tunda ka fita duba, ka zagaya bayan ɗakin ma. A tsofaffin unguwanni lungu kan tashi da yashin da ruwa ke kawowa shekara da shekaru har ya fi daɓen ɗaki tudu. In haka ne a naku, yanzu ba za ka ga komai ba, sai Agusta.

Ƙananan tsagun da suka bazu kuwa, in farce ba ya shiga cikinsu kuma wurin ba ya ƙarar fanko, aikin hunturu ne, iska ta shanye ruwan filastar kafin siminti ya gama kamawa. A nan mai fenti ya yi gaskiya, sikiridin zai rufe su. Wadda ta miƙe sak a kan hanyar da aka binne wayar wuta, ko a mahaɗar bulo da linta ko ginshiƙin kankare, a buɗe ta da cizal, a shimfiɗa raga ta haye kowane gefe da kamar santimita 10, a shafe. In ba raga za ta dawo. Wadda ake tsoro ita ce mai tasowa daga kusurwar taga ko ƙofa a karkace, tana hawa matakala-matakala, ana ganinta ciki da waje. Wannan daga tushe take, kuma a garin da ke fama da zaizayar ƙasa irin Gombe ba abin wasa ba ce, injiniya ake kira mata. Ba ka ambaci irinta ba, amma ka duba.

Wajen gyaran, a fara da tudu. Sau da yawa tudu ɗaya ne a tsakiyar bango yake ɗaga renji har ko'ina ya zama kamar kwari. A sassabe shi da cizal ko a ci shi da injin gurza, sai ka ga rabin matsalar ta tafi ba a taɓa buhu ba. Wanda bai lura ba sai ya cika bango gaba ɗaya don ya kamo tsayin tudu guda.

Kwari mara zurfi, daga milimita 3 zuwa 6, kwaɓin siminti da yashi ba ya zama a cikinsa da kyau, ya yi siriri da yawa, ƙonewa yake yi ya marmashe. Gam ɗin tayil na buhu, wanda ake kwaɓawa da ruwa, ya fi dacewa da shi, a shafa a ja da renji. Mai zurfi kuma sai a sassara fuskarsa da cizal ta yi kaushi, a share ƙura, a jiƙa, a watsa masa ruwan siminti da yashi mai kaifi ya yi ƙuraje-ƙuraje, a bar shi ya kwana yana shan ruwa. Waɗannan ƙurajen su ne haƙoran da sabon shafe zai kama. Sannan a kafa geji: a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, sama da ƙasa, a daidaita da filam, ma'aunin magina da ke nuna ko bango ya tsaya sak, a ɗiga ƙananan tabon siminti da fuskarsu ta taɓa igiyar, tazarar da renji zai iya haye biyu a lokaci guda. In sun kama, a cika tsakaninsu, a ja renji a kansu. Duk filastar da aka yi ba geji, ido ne ya yi ta, ido kuwa bin bango yake yi. Inda zurfin ya wuce milimita 15 a yi shi hawa biyu, a kakkarce na farko tun yana ɗanye, a dawo washegari ko jibi. In aka lafta shi lokaci ɗaya nauyinsa zai sa ya zamo ƙasa, ka wayi gari da sabon ciki a bango.

Siminti ba matsala ba ne a wurinku, ga Ashaka nan a Funakaye tana fitar da shi tun 1979, ga Dangote da BUA a kasuwa, kowanne ka samu ya yi. Ka dai taɓa buhun, in ya yi ƙulalai masu tauri ya sha danshi, ka bar musu kayansu. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka ɗaya da biyar na nufin kwano goma na yashi a buhu, ka tsaya a ƙirga a gabanka. Yashin ne ya fi yaudara. Ka zuba shi rabin gorar ruwa ta roba, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye 'yan sa'o'i. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya kai kashi ɗaya cikin goma na duka, wannan yashin filastarsa tsagewa za ta yi. A tankaɗe shi kuma. A riƙa kwaɓa wanda za a shafe cikin sa'a guda, wanda ya fara daskarewa kada a ƙara masa ruwa a ce an farfaɗo da shi.

Sai ban ruwa, wanda a nan ne aikin hunturu yake lalacewa. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwa yake ci ya yi ƙarfi, in ruwan ya gudu da wuri ya tsaya a inda ya kai. Kwana bakwai, safe da yamma, a yayyafa har bango ya ƙoshi, a rufe tagogi kada iska ta ratsa. Na san ruwa a Gombe saye ake yi a wurin 'yan ga-ruwa, amma jarka biyu a rana ba ta kai kuɗin buhun siminti ɗaya da za a sake saye ba. Kada ka bar wa leburori wannan, da sun karɓi kuɗinsu ba ka ƙara ganinsu. Kai ko ƙaninka.

Ga yadda kwanakin za su kasance. Kwana 49 gare ka. Makon farko duba da gyara. Daga ranar da aka yi shafen ƙarshe ka ƙirga kwana 28, bakwai na ban ruwa suna ciki. Ɗanyen siminti yana da kaifi mai cin fenti, launi ya yi dabbare-dabbare, ga ruwan da ke ciki yana neman hanyar fita ya tura fenti ya yi ƙurji. Ka kai kwana 35 kenan. Kafin mai fenti ya taɓa bango, ka yanko leda mai faɗin ƙafa ɗaya, ka manna ta da salatif ta gefe huɗu a kan wurin da aka yi gyara mafi kauri, da wata a bangon banɗakin, ka bar su kwana ɗaya ko biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, da saura. In a bushe yake, bismillah. Sikiridin hawa biyu da guga kwana huɗu ko biyar, fenti kwana uku, ya rage maka kusan mako guda ɗaki ya sha iska wari ya fita kafin 'yan jere. In bangon banɗakin ya ƙi bushewa a kan lokaci, kada ka tilasta shi. A yi masa shafe ɗaya na fentin ruwa mai araha ba sikiridin, a jera kujeru a gabansa, a gama shi bayan biki.

Shi sikiridin ɗin, hawa biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, kuma sai na farko ya bushe sarai. In za a goge, a naɗe samfefa a jikin guntun katako mai faɗi, lamba 120 da farko, a gama da 180 ko 220. In da tafin hannu aka riƙe ta, yatsu ne za su haƙa sababbin ramuka. A sa takunkumi, ƙurar nan ba ta yi wa huhu daɗi. Tsofaffin ƙofofi da tagogi masu fentin mai kuma a jiƙa su kafin a goge, a kori yara daga wurin, don tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma. Bayan guga a share ƙura tas da ɗanyen tsumma, a sake zagayawa da tocila sau ɗaya, sannan a yi shafen farko na share fage wanda ake sa wa sabon siminti, kada mai fenti ya ce maka tsinkakken fenti ma ya wadatar a kan wuraren da aka yi sabon gyara.

Na san amare fentin silk suke so, mai ɗaukar ido. A bangon da ba a miƙe yake sak ba, sheƙi abokin gaba ne. Ka zaɓi fentin ruwa mara sheƙi, launi mai haske, shi ke haɗiye 'yar lanƙwasar da ta rage. In dole sai mai sheƙin, a yi shi a bangon da renji ya yarda da shi kaɗai. Wani zai ce maka a yi fentin tekskot mai ƙuraje ya rufe komai. Yana rufewa, amma ƙurar hunturu a cikinsa take kwana, ba ya goguwa, ga kurje gwiwar hannu, na waje ne. Fitilun ado da ake mannawa a jikin bango su ma aikin tocilar nan suke yi kowane dare, ka bar ƙwai a tsakiyar silin.

Tunda aljihu ya yi sanyi, ba dole kowane bango ya samu gata ɗaya ba. Ka tambayo ta wajen amarya inda za a kafa gado da sif, wannan ba abin kunya ba ne, ƙanwarka ma za ta iya jiyo maka. Bangon da sif zai rufe da wanda labule zai sauka a kansa tun daga sama har ƙasa, in sun ci gwajin ƙusa da ƙwanƙwasa, a cire musu tudu kawai a wuce. Ƙarfinka ya tafi a bangon da mai shigowa ke fuskanta, da wanda hasken taga ke kwanciya a jikinsa, da gefunan ƙofa, da layin ƙasa inda siketin, wato siririn tayil ɗin da ake zagaye gindin bango da shi, zai zauna, don tayil a miƙe yake, duk inda bango ya gudu sai ya bar baki a buɗe. Waɗannan su gwaggonnin amarya za su gani.

Mai fenti kada ka ba shi kuɗinsa duka a gaba. Ku yi ciniki a kan sikiridin na ƙa'ida, ka sayo kayan da kanka ko ku je tare, ka riƙe kashi ɗaya cikin uku sai ka duba aikin da rana da kuma dare. Kafin ya fara, ka sa mai wayarin ya gama duk abin da zai fasa, soket ne ko makunni, sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka tun ana ganin hanyar da aka binne waya da bututu. Ranar jere masu kafa labule da madubi da talabijin za su zo da injin huda, kuma ba wanda zai tambaye ka kafin ya huda. Ka nuna musu hoton, ko ka sa ƙaninka ya tsaya a kansu.